An Riga An Yi Amfani da Mabuɗin

Saƙon ya fito a tsakiyar allo da jan rubutu, cikin Faransanci: an riga an yi amfani da wannan mabuɗi a wata na'ura. Mahmuda ya goge abin da ya rubuta, ya sake shigar da haruffan da lambobin ɗaya bayan ɗaya, yana bin takardar da ɗan yatsa. Saƙon ya dawo yadda yake.

Tun da ya dawo Dogon Dutsi daga jami'ar Yamai, da takardar digirin lisans wadda babu ofishin da ya nemi ganinta, wannan ɗaki shi ne abu na farko da ya sa wa rai. Shi da Luƙman, ɗan kawunsa, suka shirya buɗe ɗakin wasannin bidiyo kusa da lise, makarantar sakandare. Mahmuda ya kawo ordinatar, wato kwamfuta, Luƙman ya samo ɗakin da bencina. Sauran masu irin wannan sana'a a garin duk da kwafi suke aiki, irin wanda ake karɓowa wajen masu tura finafinai, wanda kan daskare ana tsakiyar wasa. Mahmuda ya so nasu ya bambanta. Ya sa Hashim, abokin karatunsa da ke Maroko, ya aiko masa da wasan ƙwallo na asali, wanda ake iya karawa da mutanen wasu ƙasashe ta intanet. Irin wannan ba ya buɗuwa sai da mabuɗinsa, jerin haruffa da lambobi a jikin wata 'yar takarda cikin kwalin. Sau ɗaya tak mabuɗin ke aiki. Wanda ya riga shigar da shi, wasan ya zama nasa.

Ya kira Hashim. Hashim ya rantse a rufe ya saya, a rufe ya aiko. Mahmuda bai yi musu ba, domin da hannunsa ya yage ledar. Daga nan ya ajiye kwalin a durowar tebur yana jiran a haɗa musu intanet. Mutum biyu ne kaɗai ke shiga ɗakin.

Bai so zuciyarsa ta nufi inda ta nufa ba. Ya zauna yana nemo wasu dalilai, yana rushe su da kansa. Yana cikin haka ya ji tsayawar moto a ƙofa.

"Bawana!" in ji Luƙman tun kafin ya shigo. "Ubangidanka ya iso, ba ka tashi ba?"

Haka yake kiransa tun suna yara. Luƙman ɗan namiji ne, Mahmuda ɗan mace, kuma tsakanin taubasai ɗan mace shi ne bawa. Luƙman kan cire masa hula a bainar jama'a ya tafi da ita, kan janye kwanon abinci daga gabansa, kuma al'ada ba ta ba Mahmuda damar fushi ba. Iyakarsa ya rama.

"Wasan ya ƙi buɗuwa," in ji Mahmuda.

"Ya ga huskarka ne ya tsorata. Matsa in gwada mishi ta masu gida."

"Sun ce wani ya riga mu shigar da mabuɗin."

"Su wa?"

"Masu wasan."

"Suna ina?"

"Turai."

Luƙman ya fashe da dariya. "Mutum shina Turai, shina ganin abin da ke cikin durowar Dogon Dutsi? To wanga ya hi 'yan bori. Ka tambaye shi inda akuyar Inna ta ɓace."

Mahmuda bai ambaci durowa ba. Ya lura da haka, sannan ya gaya wa kansa cewa Luƙman ya san inda ake ajiye kwalin, babu abin mamaki a ciki. Amma ya ci gaba da kallon fuskarsa. Dariyar ita ce ta kullum. Abin da ya dame shi ke nan: mutumin da duk maganarsa wasa ce, ta ina za a gane ranar da ya ɓoye wani abu a cikin wasan?

"Bar wanga zance," in ji Luƙman. "Albishir na kawo. Mun samu gurup, injin wuta. In kuran ya ɗauke, mu ba mu tsayawa. Sha'ibu ya ba mu aron ƙaramin nashi."

"Sha'ibu na tasha?"

"Akwai wani?"

Sha'ibu shi ne mai ɗakin wasannin da ya fi kowane cika a garin. Mahmuda ya kasa gano dalilin da zai sa mutum ya ara wa wanda zai raba shi da masu zuwa wurinsa injin ba da wuta. Bai tambaya ba. Ya bari Luƙman ya fita neman mai kafa fanka, ya kulle ɗakin, ya nufi tasha da ƙafa cikin rana.

Tun daga bakin ƙofar Sha'ibu ya ji ihun masu kallo. Samari sun cika bencina, biyu na riƙe da manet, abin sarrafa wasan. A allon, ciyawar filin ta yi shar, 'yan wasan sanye da rigunan bana. A kusurwa ga sunan abokin karawarsu da tutar wata ƙasa mai nisa.

"Malam Mahmuda, sannu da zuwa," in ji Sha'ibu, yana miƙa masa hannu ba tare da wata alamar kunya ba. "Ka ga abinku? Wallahi ya yi kyau. Allah shi saka. Taubashinka ya turo mini hoton lambobin, na ce to ni ma ba ni rasa abin yi muku."

Mahmuda ya amsa gaisuwar kamar yadda ya kamata, har ya tambayi lafiyar iyali. A hanyar komawa ya riƙa auna kalaman Sha'ibu. Shi kam ya san abin da ya karɓa. Shekarunsa nawa a sana'ar. Sakakkiyar fuskar nan tasa ko dai ta wanda ya ɗauka da yardar Mahmuda aka ba shi ce, ko ta wanda ya san an gama, babu mai iya ƙwacewa.

Ya tarar da Luƙman a kan benci yana nuna wa mai fanka inda zai huda. Ya jira mutumin ya tafi.

"Na je wajen Sha'ibu."

"Ka gode mishi?"

"Kai ka ba shi mabuɗin."

"Na tura mishi hoto. To?" Luƙman ya jawo durowa, ya ɗaga takardar. "Ga abinka nan, ko kusurwa ba ta lanƙwashe ba. Mi na ɗauka?"

"Ka ɗauki wasan duka. Yanzu nashi ne."

"Kai bawana, karatu ya taɓa ka. In na tura ma waƙa, tawa ta ɓace? Him nawa munka kwasa wajen Zaidu mai turawa, ka taɓa jin ya ce nashi sun ƙare?"

"Katin waya fa? In wani ya sa lambobin, kai kana iya sawa?"

"Katin waya ana kankare shi. An ruhe shi don a san na mutum guda ne. Wanga a buɗe shike kamar lambar mota. In da abin ɓoyo ne, mi ya hana su ruhe shi?"

Amsar ta zo da sauri, a shirye. Mahmuda ya rasa ko saurin na mai gaskiya ne, ko na wanda ya riga ya tanadi abin da zai faɗa. Maganar tana da ma'ana. Rabin garin haka za su ce. A nan duk abin da ya shiga waya na kowa ne, hana shi rowa ce. Amma ya tuna ranar da kwalin ya iso, ya yi bayanin mabuɗin. Abin da ya kasa tunawa shi ne ko Luƙman na saurare a lokacin, ko yana waje yana tsokanar mai shayi.

"Da na ce an riga mu, don mi ba ka faɗa ba?"

"Na ɗauka rezon intanet ne ke maka wasa." Luƙman ya murmusa. "To ko da na ɗauka, kayan bawa na wa ne? Kai ƙara wajen Inna, mu ji abin da za ta ce."

Mahmuda ya san abin da mahaifiyarsa za ta ce. Za ta yi dariya, ta ce ɗan ɗan'uwanta ne, ba a shari'a da taubashi. Duk dangi haka za su ce. Idan Luƙman bai sani ba, kuskure ne. Idan ya sani, wasa ne. Babu inda aka bar wa Mahmuda wurin tsayawa ya ce an cuce shi.

Washegari da safe ya riga Luƙman zuwa. Ya sa wa ordinatar kalmar sirri, ya zauna gefe da littafi a hannu, ba ya karantawa. Luƙman ya shigo da ƙosai a takarda, ya ce an karɓi aron motonsa, ya zauna gaban allo ya taɓa. Allon ya nemi kalmar.

"Mi ne kod ɗin?"

"In kana son wani abu a ciki, faɗa mini in buɗe ma."

Luƙman ya juyo yana jiran dariyar da za ta biyo baya. Mahmuda ya ji ta a maƙogwaronsa; da ya sake ta, da komai ya koma yadda yake. Ya riƙe ta.

Luƙman ya daɗe yana dubansa. Sannan ya tura ƙosan gabansa, ya tashi ya kakkaɓe rigarsa.

"Baba na son wanda zai tsaya mishi kan awon wake a Tibiri," ya ce. "Na ce mishi ina da aiki. Bari in je in ce na samu sarari."

Mahmuda bai hana shi ba. Ya fito bakin ƙofa yana bin sa da kallo. Luƙman bai waiwayo ba. Ya miƙe hanyar tasha, inda ake shiga motar Tibiri, inda kuma ɗakin Sha'ibu yake. Mahmuda ya tsaya yana ƙoƙarin ganin ɓangaren da zai karkata, har wani amalanken shanu ya gitta tsakaninsu.