Kaset Mai Yankan Zarto

Saude ba ta taɓa yarda kaya mai tabo ya fita da sunanta ba, kuma duk benen kasuwar Tianxiu an san ta da wannan jarabar. In takalmi ya zo a kwali, ta cire kwalin don rage kilo. In kofi ya zo da tsagu, ta wurga shi kwandon bayan ƙofa, wanda wata tsohuwa ke kwashewa kullum. Kawunta Maidaji ne ya kawo ta Guangzhou ya koya mata aikin tura kaya. Yanzu yana kwance a Kano, ɓarin jiki ya shanye, kuma tun da ciwon ya same shi ba wanda ya ji kalma daga bakinsa. Likita ya ce a riƙa kawo masa abin da ya saba da shi, ko Allah zai sa harshen ya saki.

Tsoho Chen, mai sayar da sifika a unguwar Liwan, ya daɗe yana kasuwanci da Kawu. Da ya ji maganar likita sai ga shi a ofishinta, yana haki, da wani abu nannaɗe a hankici. Hausarsa tsintacciya ce, Turancinsa ya fi Hausar lalacewa.

"Ba Maidaji," ya ce. "Kunna. Shi magana."

Ta buɗe. Kaset ne, tsohon yayi, murfinsa ya koɗe, da hoton wasu Turawa ramammu sun jingina da bango kamar an kore su daga gidan haya. Gefe guda kuma an yanka shi da zarto har cikin robar.

"Laoban, ai wannan fasasshe ne," in ji ta, don haka ake kiran maigida a nan.

"Mai kyau," in ji Chen. Ya dafa ƙirji, ya tafi.

Saude ta juya kaset ɗin ta sake juyawa, ta rasa gane kansa. Da yamma ta nuna wa ƙawarta Radiyya, mai karatun digiri na uku. Radiyya ta ɗauki hoton murfin da waya, nan da nan ta gano shi: faifan farko na wasu mawaƙan Ingila na shekarun 1970, irin waɗanda ake ce wa fank, wai su suka koya wa samarin duniya yin waƙa da fushi. Yankan kuwa, wai a can baya Turawa kan datse kaset ɗin da bai sayu ba su turo shi China a matsayin bola, 'yan nan su tsince su ɗinke su saurara.

"Bola fa kika ce?"

"Haka na gani. Bari ki ji."

Ta kunna a wayar. Saude ta zabura har shayi ya zube mata. Ganga kamar ana bugun kwano, jita na ƙara, wani kuma na ta ihu kamar an taka masa ƙafa a kasuwa.

"Innalillahi! Kawun nawa? Mutumin da ko rediyo aka ƙure sai ya haɗe rai?"

"Ƙila Chen ya tsufa ne," in ji Radiyya.

Abin ya tsaya wa Saude a rai. Ba ta gane waƙar ba, ba ta gane Chen ba, har Kawun ma ta fara shakkar ko ta san shi. Abu ɗaya dai ta tabbatar: ba za ta aika wa dattijo marar lafiya fasasshen abu daga bola ba, a ce daga hannunta ya fito. Kuma ina za a samo rikoda a Kano yanzu? Sai ta yi abin da take ganin kowane mai hankali zai yi. Ta sayi faifan cikakke a intanet, tas da shi, ta tura wa Inna Hafsat matar Kawu ta waya. Kaset kuwa ya bi kofuna masu tsagu. Har daɗi ta ji, don jirgi ma bai kai ta sauri ba.

Washegari da la'asar, lokacin Kano ta waye, ta kira Chen ofis.

"Ya isa?" ya tambaya, baki buɗe.

"Ya isa, laoban. Zauna ka gani."

Inna ta ɗaga kiran bidiyo, ta saita fuskar Kawu. Ya rame, idonsa na kallon rufin ɗaki. Ta kunna waƙar a wata wayar tana ta salati ƙasa-ƙasa. Gangar na tashi, idon Kawu ya sauko. Yatsun hannunsa mai lafiya suka fara buga katifa.

Chen ya matso har goshinsa na taɓa wayar, yana zuba bayani da Hausa da Sinanci da hannu. A hankali Saude ta haɗa zancen. Ashe da wannan kaset suke gwada sifika kafin a loda. Duk wadda ta jure wannan ihun za ta jure bikin Kano. Kuma inda zarton ya ci zaren kaset ɗin, Chen ya ɗinke shi da zare marar komai, sai waƙar farko ta ɗauke ɗif na ɗan lokaci. A cikin shirun nan Kawu ke kasa kunne ko sifikar na gurnani, sannan ya yanke hukunci da kalma ɗaya: *hao* in ta yi, *meiyo* in babu. Dubban sifiku, kuma bai taɓa barin shirun ya wuce bai yi magana ba.

Saude ta tuna faifan da ta tura ba shi da wannan shirun. Ta waiga bayan ƙofa, kwandon wayam.

"Yanzu, yanzu!" in ji Chen.

Kawu ya ɗaga yatsa. Ya karkata kai, leɓensa na rawa, bakin ya buɗe.

Waƙar ta zarce abinta, ba ko tuntuɓe.

Yatsan ya tsaya a sama yana jira. Kawu ya dubi wayar, ya dubi matarsa, fuskarsa duk a rikice, sannan hannun ya sauka a hankali.

Chen ya juyo ya kalli Saude. Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

"Inna, maido farko," in ji Saude. "In laoban ya ce tsaya, ki danne."

Aka maido. Chen ya yi ihun "Tsaya!" amma kafin muryarsa ta ƙetara zuwa Kano waƙar ta yi gaba, shirun ya faɗo a inda ba wurinsa ba. Aka sake, Inna ta riga shi dannawa. Kafin a kuma, Kawu ya juya fuskarsa bango ya rufe ido.

"Ya gaji," in ji Inna Hafsat, ta juyo da wayar kanta, idonta taf da hawaye. "Amma Saude, kin ga bakinsa kuwa? Wallahi magana zai yi. Me ya so ya ce?"