Dodon da Aka Tokare Tebur da Shi

"Mama, in an soke wasa, dodannin da ke ciki mutuwa suke yi?"

Ina ɗaura wa 'yata igiyar takalmi ta jefo mini wannan tambayar.

Bara ne wani kamfanin wasannin bidiyo ya sa gasar zanen dodanni ta yara. Wai wasa suke haɗawa na jarumai masu takubba da tsafi, za a riƙa buga shi a na'urar talabijin da ƙaramar na'ura ta hannu. Duk yaron da ya ci, dodonsa zai shiga ciki. 'Yata ta zana dodo mai kunnen zomo da wutsiyar wuta, ta ci. Ni kuma don wauta na miƙa musu ainihin takardar, ko hotonta ban ɗauka ba. Sai yau ga saƙo a waya daga kamfanin: an fasa wasan, suna godiya ga masoya.

"Tashi, uwata," na ce. "Mu je mu karɓo abinmu."

Ofishin duk kwalaye, an kife kujeru, wani ƙaton takobin roba jingine a ƙofar banɗaki. Manajan na zaune kan tebur, gemu har ƙirji amma wando iya gwiwa, yana taunar cingam.

"Madam, ba fasawa muka yi ba. Tafiyar ce muka ɗan dakatar."

"To tunda mota ta tsaya, a sauke mana kayanmu. Zanen yarinya nake so."

"Ai ya zama mallakar kamfani. Muna ji da shi sosai."

"Yana ina?"

Ya dubi silin kamar can ya ajiye shi. Ya ce wataƙila yana sito, wataƙila wajen mai zanen kamfanin, wanda aka sallama tun watan jiya.

'Yata ta ja mini bakin zanen da na ɗaura. "Mama, ga wutsiyarsa."

Na sunkuya. An ninke takardar an cusa ƙarƙashin ƙafar teburin don kada ya riƙa rawa. Jan fentin wutsiyar ne ya leƙo.

"Malam, sauka."

"Madam, akwai ƙa'ida..."

Ban jira ba, na ɗaga gefen teburin da shi a kai. Shayinsa ya kife a kan ɗan guntun wandon. Yarinya ta zare takardarta.

"Haka kuke ji da abu?" na ce. "Allah ya tsare mu da wanda ba ku ji da shi."

A matakala ta warware takardar a kan gwiwarta tana shafawa. Ƙafar tebur ta huda kunne ɗaya.

"Bai mutu ba, Mama. Kunne kawai ya rasa."

Yanzu yana manne a jikin firjinmu. Ke mai karatu, duk ranar da masu gemu da gajeren wando suka ce ɗanki ya kawo zane za su sa shi a wasa, ki ba su kwafi. Ainihin kada ya bar gidanki.