Ba a Dubiya Sai da Takarda

Matar mai aski ta tare ƙofa da ƙugunta, ta ce wa Dogo direba ya koma da lemonsa. Maigidan ya kafa doka: duk mai son duba shi, ya zo da takardar gwajin ƙanjamau.

Haka mai askin nan yake, ko a kwance sai ya yi mulki. Shekara goma sha tara yana shan maganin cutar, bai taɓa ɓoyewa ba, kuma matarsa da ’ya’yansa lafiya lau. Yanzu zuciya ce ta gaji, likita ya ce kwanaki suka rage. Duk layin sun yi gwaji sun shiga, har tsohuwa mai wanki. Saura Dogo, ƙato guda, ga matarsa da cikin wata biyar, amma tsoro ya hana shi.

Ya leƙa ta taga, ya ce ai shi garau yake, a dubi wuyansa mana. Daga kan gado mai aski ya ce shi ma a da wuyansa haka yake. Cutar ba ta fara da fuska, masu gadin jiki take bi ɗaya bayan ɗaya, sai ta gama da su tari ma ya kayar da mutum.

“Ni aski na yi maka shekara ashirin, Dogo. Na san inda kake da taushi.”

Da la’asar Dogo ya dawo da takarda, ido jawur. An samu cutar.

Mai aski ya karanta, ya yi dariya har da riƙe ƙirji.

“Shi ne kake kuka kamar motarka ta faɗa rami? Ƙwaya ɗaya ce kullum, malam. Gobe ka kai matarka a gwada ta. In an fara magani da wuri, yaron nan lafiya zai fito.”

Dogo ya gaya wa matarsa a tsakar gida. Ta zage shi son ranta, ta yi kuka, sannan ta tambaye shi ƙarfe nawa ake buɗe asibitin.

Washegari suna kan benci, saura mutum biyu a gabanta, waya ta yi ƙara. Mai aski ya cika, bayan ya sha shayinsa.

Dogo ya miƙe zumbur, zuciyarsa ta karye. Matarsa ta kamo gefen rigarsa. Ya dubi ƙofar fita, ya dubi cikinta, ya koma ya zauna. Layin ya motsa, suka matsa gaba tare.