Finjalin da Malama Wijdan Ta Ajiye

Ranar da na fara sanin Tamadur a kwance nake a ƙasa. Shekararmu ta farko ce a makarantar koyon aikin jinya a Amman, an kai mu asibiti mu ga yadda ake wanke ciwo. Ana kwance bandejin ƙafar wani tsoho na ga ɗakin ya fara juyawa. Da na farfaɗo sai na tarar wata doguwar yarinya ta ɗora ƙafafuna a cinyarta tana yi min fifita.

"'Yar birni, tashi mana," ta ce. "Mai ciwon ma yana tambayar jikinki."

Na ji haushinta sosai a ranar. Ni Hiyam, haifaffiyar Zarƙa, a ce 'yar wani ƙauye can bayan Karak ce za ta yi min dariya? Amma da yamma ta biyo ni ɗakin kwananmu, ta naɗe hannun riga ta miƙo min hannunta, ta ce in nemi jijiya. Na soka na kuskure, na sake sokawa na kuskure. Ko ƙiftawa ba ta yi ba, sai ma labarin akuyar gidansu da take ba ni. Kafin ƙarshen zangon hannun Tamadur ya yi shuɗi kamar an dake ta, ni kuwa na iya sa allurar ƙarin ruwa. In da gaskiya ake bi, rabin takardar shaidata tata ce.

Ba wai lokaci ne ya yi mata yawa ba. Duk Alhamis ana tashi daga aji take kama bas zuwa Karak, daga can ta shiga wata motar zuwa ƙauyensu, don ta duba ƙafar babanta mai ciwon suga. Uwarta wajen haihuwarta ta rasu, yayanta Mijhim kuma direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa a hanyar Aƙaba. A cikin bas take karatun jarrabawa. Mu da muke kwance a gado muna haddar sunayen ƙasusuwa muna kukan wahala, ita ta riga ta haddace su tsakanin wani mai gyangyaɗi da wata mai kwandon kaji.

Malamarmu ta kula da raunuka ita ce Malama Wijdan, gajeriyar dattijuwa mai ciwon gwiwa da kaifin baki. Tsohuwar nas ce ta soja, ta yi aiki a asibitocin tanti a wuraren da girgizar ƙasa ko yaƙi ya ɗaiɗaita. Ba ta yabon kowa. In kin yi abin kirki, iyakarta ta dubi mara lafiyar ta ce, "To, ba ki kashe shi ba." Sau ɗaya na ji ta ce wa Tamadur "Madalla," kuma har aka tashi tana cin magani kamar an ƙwace mata wani abu.

A shekarar ƙarshe hirar kowa ta koma inda za a je. Wannan Dubai, waccan asibitin kuɗi a Amman mai sanyin na'ura da marasa lafiya masu ƙamshin turare. Ni ma can zuciyata take, kuma ban ji kunyar faɗa ba. Sai wata hafsar soja ta zo ta yi mana bayanin rundunar ko-ta-kwana: kina aikinki a asibitin gari kamar kowa, lokaci lokaci a kira ki horo, ranar da masifa ta auku kuma a kira ki, ki sa kaki ki tafi inda aka tura ki. Yawancinmu wayoyinmu muke latsawa. Tamadur ce kaɗai ta tsare matar da tambayoyi har bakin mota.

Ba ta yanke shawara a ranar ba. Watanni ta yi tana juya maganar, ta tambayi wannan ta tambayi wancan. Na ce mata, "Ke dai akwai neman wahala. Shekara huɗu muna shan azaba, mu gama kuma ki je ki kwana a tanti?"

Ta ce, "Ina yarinya ambaliya ta cinye rabin ƙauyenmu. Kowa fita yake yi, sai ga wasu mata cikin kaki suna shigowa. Tun ranar nake son in zama cikin masu shigowa. Kuma kin ga, a asibitin Karak zan yi aiki, kusa da Baba."

Baban ne ya ce a'a. Abu Mijhim ake kiransa, tsohon saje ne, rabin rayuwarsa a kaki ya yi ta, hotonsa da hular soja na rataye a ɗakin baƙi. Amma da ta kawo masa maganar kalma ɗaya ya faɗa, bai ba da dalili ba, ya juya ya ci gaba da ba tattabarunsa hatsi. Doka ba ta ce sai da yardarsa ba. Na gaya mata haka har bakina ya gaji. Ta ce ita ba doka ce ta haife ta ba. Za a rufe ɗaukan mutane 'yan kwanaki bayan yaye mu, kuma ba kowace shekara ake ɗauka ba.

Da na ga abin zai wuce ta, sai na kai ƙara wurin Malama Wijdan. Ta saurare ni tana murza gwiwa, sannan ta ce, "Zai yi walimar gama karatunta?"

"Zai yi, Malama. Har raguna ya saya."

"To ki zo ki ɗauke ni. Ba na iya hawa bas ni kaɗai."

Walimar ta yi kyau, wannan ba zan rage masa ba. Farantan mansaf, abincinmu na biki, sai mutum biyu ke ɗaukar guda, nama jibge a kan shinkafa, mata na ta guɗa a tsakar gida. Bayan an wanke hannu Abu Mijhim ya aiko a kira masa malamar 'yarsa, yana son ya yi mata godiya a gaban dattawan gari. Na riƙe mata hannu muka shiga ɗakin baƙi, inda maza suka jeru a kan katifu jikin bango. Tamadur ta tsaya a bakin ƙofa.

Duk da ƙafarsa, shi da kansa ya miƙe ya ɗauki butar gahawa, ya zuba a finjali ya miƙa wa Malama. Ta karɓa da hannun dama. Sai ta sunkuya ta ajiye shi a kan darduma, ta naɗe hannuwa.

Ko yaro a ƙasarmu ya san baƙon da ya ajiye gahawa bai sha ba da buƙata ya zo, kuma ba zai taɓa ta ba sai mai gida ya ce an biya masa. Mai gidan da ya bar gahawar baƙo ta huce a ƙasa kuwa, har jikokinsa sai an yi musu gori. Amma manyan maza ke yin haka, wajen neman aure ko sulhun jini. Ban taɓa jin mace ta yi ba, balle malamar makaranta da jakar hannu a cinya. Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa fuskata, kuma har yau ina ganin dabara ce mai kyau.

"Malama," in ji Abu Mijhim, "gahawar tamu ce ba ta yi ba?"

"Gahawa ba ta da laifi, Saje. Roƙo na zo yi."

"Faɗi."

"'Yarka nake nema. Kada ka tsorata, ba ni da ɗan da zan aura mata. Kaki nake nema mata."

Wani tsoho mai jan rawani ya yi dariya ƙasa ƙasa, ya ce, "Abu Mijhim, yau kai aka yi wa kwanton ɓauna." Babu wanda ya taya shi. Abu Mijhim na tsaye da buta a hannu. Ya dubi finjalin, ya dubi dattawan, duk idanu a kansa. Ba shi da mafita, kowa ya gani. Ya buɗe baki.

Kafin ya yi magana Tamadur ta shigo. Ta ratsa tsakiyar maza ta durƙusa gaban Malama, ta ɗauki finjalin da hannu biyu ta miƙa mata.

"Malama, don Allah ki sha. Buƙatar tawa ce, kuma na janye ta."

"Kanki ɗaya?" in ji Malama a hankali. "Saura ƙiris ya amsa."

"Na gani. Shi ya sa. In ya amsa don idon mutanen nan, duk ranar da na sa kakin zan san ƙwata na yi. Ba za a tsare min uba a ɗakinsa saboda ni ba. Ki sha tun da zafinta."

Malama ta dube ta. Sannan ta karɓa ta shanye, ta girgiza finjalin alamar ta ƙoshi. Ni kuwa ji na yi kamar in shaƙe Tamadur. An kawo mata abin da take so har hannu, ta mayar. Amma ko a cikin haushin nan na san ban taɓa ganin wanda ya burge ni kamarta ba, kuma na san ni ba zan iya ba.

Abu Mijhim ya zauna a hankali. Bai dubi 'yarsa ba, tsohon mai jan rawani ya fuskanta.

"Abu Talal, kana nan ranar da aka kira ni. Uwar yarinyar nan na kan gwiwa motar soja ta zo ɗaukata. Na ce mata yanzu zan dawo. Da na dawo, jaririya na tarar da kabari." Ya shafa gemunsa. "Kuna zaton harsashi nake ji mata tsoro? Harsashi yana da mai shi. Kiran nake tsoro. Ga ƙafata, kun ga yadda take. Wata rana za a kira ta ina kwance, ta tafi, don na san jinin da ke jikinta. Ta dawo ta tarar da abin da na tarar. Ni na san nauyinsa, ban so ta ɗauka."

Tamadur ba ta taɓa jin wannan daga bakinsa ba, na gani a fuskarta. Na zaci za ta kawo hujjoji, don ta iya su. Tambaya ɗaya ta yi.

"Baba, inda aka kai ku ɗin, an buƙace ku?"

Ya ce, "Mun fito da mutane da yawa da ransu."

Ta gyaɗa kai. Ta jawo matashi ta ɗora masa ƙafar a kai, ta ce ya daɗe a tsaye yau, ta miƙe za ta koma wurin mata. Da gaske ta janye, ba wasa take ba.

"Tamadur," ya ce. "Dawo. Zauna can, inda baƙi ke zama."

Ta tsaya tana kallonsa.

"Saje ne ke magana. In umarni ɗaya ya gagare ki, wane soja za ki yi?"

Ta zauna kusa da Malama. Ya miƙa hannu ya jawo butar, ya zuba sabuwar gahawa, ya ba Abu Talal ya miƙa mata. Ta kai baki za ta sha.

"Ajiye," ya ce. "Ta Malama an shanye, babu wanda ya ɗaure ni. Wannan ni na zuba. Ajiye, ki tambaye ni da bakinki."

Ta ajiye finjalin a kan darduma.

"Baba, ina neman izininka in shiga."

Ya bar mu muna kallon tururin gahawar yana raguwa, har Abu Talal ya fara gyaran murya.

"Da sharaɗi," ya ce. "Ranar da aka kira ki, ko ina kan gargara ne, ki ɗauki jakarki ki tafi. In kin dawo kin tarar da kabari, ba ki yi min laifin komai ba. Na yafe tun yau, ga shaidu cike da ɗaki. Ni ban samu wanda ya gaya min haka ba." Ya nuna finjalin da haɓa. "Sha gahawarki, 'yata."

Malama Wijdan ta buɗe jaka tana laluben abin da babu shi a ciki. Ni dai kuka na yi a gaban dattawan Karak, ban ɓoye ba. Tamadur ta ɗauki finjalin da hannu biyu don kada ya zube, ta shanye.