Kuskuren Shafi na Tara

Jirgi ɗaya ya kawo Nata'ala da Zailani Landan a 1975, lokacin da arzikin man fetur ya sa gwamnati ke tura ɗalibai waje ba ƙaƙƙautawa. Aikin lauya suke karantawa, gida ɗaya suke zaune a unguwar Catford. Kowa ya san Nata'ala ya fi kai. Zailani kuwa baki gare shi da fara'a.

A shekararsu ta uku aka liƙa sanarwa a makaranta. Wani alƙalin kotun tarayya a jihar Michigan yana neman ɗalibin Nijeriya ɗaya ya zauna da shi shekara guda, tunda ƙasar na shirin ɗaukar tsarin mulki irin na Amurka. Nata'ala ne ya fara ganin sanarwar, shi ya gaya wa abokinsa. Dukansu suka nema. Zailani aka kira ganawa da alƙalin, wanda zai zo Landan.

Nata'ala ya yi masa barka, amma tun daga ranar ko dariyar Zailani ya ji daga kicin sai ransa ya sosu.

Ana sauran kwana uku a yi ganawar, bayan sun fito daga sallar Juma'a a masallacin Regent's Park, Zailani ya miƙa masa takardar da zai gabatar wa alƙalin, ya roƙe shi ya duba. A cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa Nata'ala ya karanta. A shafi na tara ya ga ɓarna: Zailani ya rubuta cewa wanda ya yi fashi a kanti a Michigan, kotun tarayya ce za ta yi masa shari'a. Alhali aikin kotun jiha ne. Ta tarayya ba ta shigowa sai in mutum ya kai kuka cewa an tauye masa haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi. Nata'ala ya ciro biro, ya juya shi a hannu, ya mayar aljihu. Ya ce masa babu abin gyara.

Ranar ganawar Zailani ya dawo da la'asar yana murmushi. Ya ce alƙalin bai ɓata lokaci ba ya buɗe shafi na tara. Shi kuma ya amsa cewa bai sani ba, a koya masa. Dattijon ya yi rabin sa'a yana zana masa kotunan a bayan ambulan, daga ƙarshe ya ce irin ɗalibin da yake nema ke nan.

"Ka ga har kai ma kuskuren ya wuce ka," in ji Zailani.

"Bai wuce ni ba. Na gani."

Zailani ya cire takalmi ya shige ɗaki. Bai sake tayar da zancen ba, bai kuma sake ba shi wani abu ya duba ba.

A watan Satumba Nata'ala ya ɗaukar masa akwati zuwa filin jirgin sama na Heathrow. Wasiƙu suka riƙa zuwa daga Detroit ta jihar Michigan, da labarin masu taya alƙali yanke hukunci su goma sha biyu, da wani fursuna da aka saki bayan shekara bakwai. Nata'ala yakan karanta kowacce sau biyu, har ya ga inda shi da ya fi iya bayani. Amsarsa ba ta wuce layi huɗu.