Sunan Ɗan Farin Inna Dije

Inna Dije ta Burumburum mace ce mai baki. Idan ta sauke ƙwaryar nononta a kasuwar Tudun Wada, mai saye da mai taya ciniki da wanda ya zo wucewa kowa sai ya samu rabonsa. Har ɗan sanda ta taɓa wanke wa kai don ya tsaya mata a gaban ƙwarya. Amma akwai kalma ɗaya da ba ta taɓa bari ta fito daga wannan bakin ba, wato sunan ɗanta na fari.

Kunyar ɗan fari kowa ya san ta. Ta Inna Dije kuwa ninki biyu ce, domin yaron sunan kakansa ya ci, surukinta ke nan. Can cikin daji wajen Doguwa aka raɗa masa suna, lokacin suna bin shanu, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake furta shi a gidan. Da yake ran Litinin ya zo duniya, sai aka bar shi da Ɗanliti. Ita ko Ɗanlitin ma ba ta faɗa. "Yaron nan" take cewa, ta kau da kai kamar ba ita ta haife shi ba. Har ya yi gemu, har zazzaɓi ya kwantar da shi wata damina Allah ya karɓi abinsa, yana nan a "yaron nan". Ubansa ya riga shi tafiya. Ƙannensa kuwa da Ɗanliti suka buɗe baki, ba su san wani suna ba.

Kafin rasuwarsa da wasu shekaru, wani dakta ya zo daga Kano da rikoda yana ɗaukar waƙoƙin mata, na daka da na raino da na tatsa. Aka kai shi wajen Inna Dije. Ita ta yi waƙa, Ɗanliti ya riƙe mata abin magana, ya juya wa dakta Fillancin zuwa Hausa, in ta manta baiti ya tuna mata. Dakta ya rubuta "Dije da Ɗanliti" a bayan kaset, ya shiga mota ya tafi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Sai bana bayan girbi labari ya bazu cewa an kawo kwamfuta ɗakin karatu na Tudun Wada, a bayan mota, da janaretanta. Wani ma'aikacin laburare mai suna Malam Gwadabe ne ya zo da ita, da kwalin tsofaffin kaset na yankin. Aikinsa shi ne ya shigar da bayanin kowane kaset: sunan mai waƙa, sannan duk wanda ya taimaka, da irin aikin da ya yi. An ce abin da ya shiga cikinta gara ba ta cinsa, ruwa ba ya jiƙa shi.

Inna Dije ta ce, "To, sai ta ci kanta." Ta ci gaba da burga nononta.

Ran kasuwa da hantsi 'yarta Laraba ta zo mata da gudu-gudu.

"Inna, wai kin san Ɗanliti Mai Tsire ya je ya ce shi ne na bayan kaset ɗinki? Yau da la'asar za a rubuta shi a mayar da injin Kano."

 Inna Dije ta bar wa maƙwabciya ƙwarya, ta ja mayafi ta yi gaba. Wanda ya san ta ya san shirun nan ya fi faɗanta sharri.

Ɗakin karatun ɗan ƙarami ne, tagarsa na kallon kasuwa. Janareta na ta ɓarin ƙara a bayansa. Kwamfutar na zaune a kan tebur, an shimfiɗa mata tawul kamar baƙuwa. Ga Malam Gwadabe a gabanta, siriri mai tabarau, ga Ɗanliti Mai Tsire a kan benci, ya sha babbar riga, ƙamshin ƙuli-ƙuli na bin sa.

Malam Gwadabe ya russuna ya gaishe ta, ya tambayi gida da shanu da hanya. Da ya ji ko wace ce, sai ya yi murna ya sa kaset ɗin a rikoda. Muryarta ta fito, siririya, ta shekarun baya. Can sai waƙar ta tsaya, aka ji wata murya ta namiji tana dariya ƙasa-ƙasa: "Inna, kin tsallake na saniya mai farin goshi."

Muryar ɗan Inna Dije ce. Tun da aka rufe shi ba ta sake jin muryar nan ba. Ta kafa wa bango ido.

"Ka ji ni nan," in ji Mai Tsire. "Lokacin ban yi ƙiba ba."

"Kai ne?" in ji Inna Dije. Ta jefa masa tambaya da Fillanci, gajeriya, ta yadda ya kwana.

Mai Tsire ya gyara hula. "Ai hayaƙi, Inna. Hayaƙin tukuba ba abin da ba ya gogewa a kan mutum."

"Hayaƙin ne ya bar maka Hausa ya ɗauke Fillanci? Da na haifi irinka ai da unguwa ta sani, don ba zan tashi ba."

Malam Gwadabe ya danne dariya da tari. Ya ce ya yarda na cikin kaset ɗin ɗanta ne, Allah ya jiƙansa. Amma akwai matsala. Ɗanliti ya yi yawa a ƙasar nan, ita kuma kwamfuta in ta ga suna ɗaya tana iya tara aikin a kan mutum ɗaya. Mai Tsire ma ya riga ya shiga ciki, a kaset ɗin kiɗan mahauta, inda ya yi tafi. In ana so a raba su har abada, sai an sa sunan yanka da na uba.

"Na uba Hamman," in ji Laraba.

Inna Dije ta kai mata dundu. "Marar kunya, a gabana?"

"Madalla, Hamman," in ji Malam Gwadabe, yana dannawa da yatsa biyu. "Saura na yanka, Inna."

"Mai sunan Baffa ne, kakansa."

"To, mene ne sunan Baffan?"

Ta dube shi kamar ya ce ta tuɓe ɗankwali a kasuwa. "Ɗan nan, a garinku ba a yi muku tarbiyya ne?"

Ya ba ta haƙuri. Ya kawo dabara: shi zai riƙa kiran sunaye, in ya zo kan na gaskiya ba sai ta yi magana ba, ta sunkuyar da kai kawai. Ta ce wannan da dama.

Ya ce Lawal, ta sunkuya. Ya kai hannu zai rubuta, Laraba ta ce a'a, wannan wan babanta ne. Ya ce Dikko, ta sunkuya, ashe ƙanen uwar miji ne. Ya ce Mudi, ta sunkuya har da jan mayafi, wai wani ne da ya taɓa neman aurenta kafin Hamman. Dangin mijin Inna Dije dangi ne masu yawa, kuma ita ba ta wasa da kunya. Kafin a yi azahar wuyanta ya ƙage, Malam Gwadabe ya ƙare sunayen da ya sani ya koma kame-kame.

"Mu bar sunan tukuna," ya ce yana share gumi. "Wane aiki ya yi? Na sa mai fassara, na sa mai riƙe abin ɗaukar murya."

"Sa mai tuna min waƙa."

"Akwai wajen ƙarin bayani, na sa."

"Sa mai korar awaki. Da ba don shi ba, da kukan akuya kaɗai daktanku zai kai Kano."

Ya dube ta, ya ga ba wasa a fuskarta. Ya sa.

Aka yi sallah aka dawo. Direban motar ya leƙo ya ce shi fa da la'asar zai ɗaure kaya, ba ya bin hanyar Kano da duhu. Mai Tsire, wanda har yanzu bai bar benci ba, ya ce in an rasa suna shi nasa na nan, bai ƙi a ara ba.

A nan hankalin Inna Dije ya tashi sosai. Yaron nan bai bar ɗa ba, bai bar gona ba. Abin da ya bari a duniya shi ne wannan 'yar muryar a cikin kaset, ita ma ga mai tsire zai saka ta a aljihu. Ta dubi kwamfutar da kyau.

"Ɗan nan, wannan abin mutum ne?"

"A'a, Inna, inji ne."

"Yana da dangi a Burumburum?"

"Ba shi da kowa."

"To ku fita dukanku. Shi zan gaya wa."

Malam Gwadabe ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya rufe. Ya kora Laraba da Mai Tsire waje, ya ja ƙofa.

Ta matsa kusa da gilashin. Ta waiga hagu da dama. Leɓenta ya yi nauyi kamar na wadda ta sha maganin ɗaci. Ta raɗa sunan, ko ita ba ta ji kanta ba saboda janareta. Ta fito tana gyara mayafi.

"Na gaya masa."

Malam Gwadabe ya shiga ya duba, ya fito yana sosa ƙeya. "Inna, injin nan yana da nauyin kunne. Hanya ce ta jijjiga shi. Sai kin ɗan ɗaga murya."

"Duk kuɗin gwamnati a rasa abin saye sai kurma," in ji ta. Ta koma.

Ta faɗa da 'yar murya. Ta leƙo, ya girgiza kai daga inda ya tsaya kusa da taga. Ta koma a fusace, ta dafa tebur da hannu biyu. A wajen dafawar ta danne rikoda, kaset ya ci gaba daga inda aka tsayar da shi. Muryar ta sake fitowa, tana dariya: "To Inna, ina jin ki. Faɗi."

Ta tsaya cak. Sai ta ga ba ɗakin karatu take ba, a bakin ruga take da yamma, shanu sun dawo shi bai dawo ba, tana tsaye tana leƙen hanya, ba halin ta kira shi sai dai ta aika yara. Sau nawa aka yi haka, ita kaɗai ta sani. Ta ja numfashi, ta ɗaga murya irin ta mai kiran ɗa daga bayan gonaki.

"Adamu!"

A daidai lokacin man janareta ya ƙare. Sunan ya fita ta taga ya ratsa rumfar masu hatsi, har masu awo suka ɗaga kai. Wani Adamu mai gyaran keke ya amsa daga can nesa.

Malam Gwadabe ya ruga ya ƙara mai, ya ja igiya, ya jira injin ya farfaɗo, ya sake shigar da abin da ɗaukewar wuta ta share. Bai dubi Inna Dije ba ko sau ɗaya, ita ma ba ta dube shi ba. Mai Tsire ya naɗe babbar rigarsa ya koma tukuba. Da aka gama, Malam Gwadabe ya karanta a hankali: Adamu Hamman, wanda aka fi sani da Ɗanliti, mai fassara, mai riƙe abin ɗaukar murya, mai tuna waƙa, mai korar awaki.

"Ya ji ke nan?" in ji ta.

"Ya ji, Inna."

Laraba na tsaye bakin ƙofa tana juya sunan a baki, yau ta fara sanin sunan wanta. Inna Dije ta goge ido da gefen mayafi, ta ce hayaƙin janareta ne. Ta kama hanyar rumfarta, Laraba na biye da ita. Sun kusa kaiwa Laraba ta ji uwar na wata magana ƙasa-ƙasa, ta matso ta kasa kunne. Sunan take ta maimaitawa, a hankali, ba da kowa take ba.