Ƙusar Diddigen Malkiyo

Shekaruna da yawa ina sayar da dafaffen wake a bayan ƙofar Futeyoli, garinmu na bakin teku, inda ake gicciye bayi, kuma ban taɓa jin tausayin ko ɗaya ba. Ranar gicciye ranar ciniki ce, iyaka ke nan. Na san aikin kamar yunwar cikina. Ba jini ne ke kashe su ba, numfashi ne. In mutum ya lilo da hannuwansa, sai ƙirji ya sandare, iska ta shiga ta ƙi fita. Dole ya taka ƙusar da ke diddigensa ya ɗaga jiki kafin ya fesar, sannan ya sake sulalewa. Mai ƙarfi yakan yi kwanaki yana wannan hawa da sauka.

Malkiyo mai ƙarfi ne, bawa ne daga Suriya da ya fasa wa shugaban gandu kai da fartanya. Ubangidansa ya ce kada a karya masa ƙafa, a bar shi ya daɗe.

Washegarin gicciye shi da hantsi wata mata mai suna Ambiliyata ta zo ta durƙusa kusa da gungumen, riƙe da curin gashin tunkiya. Kowa ya gane. Ƙusar wanda ya mutu a gicciye, in aka naɗe ta a gashi aka rataya a wuya, da ita muke maganin zazzaɓin nan mai tafiya yana dawowa. 'Yarta Firimila ce kwance, ko ruwa ba ta haɗiya.

Rufiyo mai gadi ya yi dariya. "Inna, kin yi sammako a banza. Wannan ƙaton sai ya ga jikokinki."

"Karya masa ƙafa mana, ɗana."

"A ɗora ni a gurbinsa? Kin ji ki."

Rana ta take. Ƙudaje sun rufe wa Malkiyo fuska, cinyoyinsa na rawa, harshe ya kumbura. Duk da haka yana tashi yana sauka, ita kuma leɓenta na motsi. Na san mutuwarsa take roƙo, har na ji kunya a madadinta.

Can ya ɗago, ya fesar, muryarsa kamar ana jan tsumma a ƙasa.

"Yayata, wa kike jira?"

Ta sunkuyar da kai. Ni ce na amsa, don bakina ba ya ajiya.

"Kai take jira. 'Yarta ba za ta kai gobe ba."

Ya sulale. Ya daɗe kafin ya sake tasowa.

"Babba ce?"

"Ko haƙori ba ta gama famfara ba," in ji uwar.

Ya dube ta, ya dubi teku. Sai ya saki gwiwoyinsa. Jikinsa ya yi ta fizga yana neman tashi da kansa, shi kuma ya hana shi. Mutumin da ba a bar masa ikon ko korar ƙuda ba. Ludayi ya faɗi daga hannuna. Rufiyo ma ya miƙe tsaye, bai san ya yi ba.

Da ya cika aka zare ƙusar, Ambiliyata ta naɗe ta da ɗuminta ta ruga.

Ban san ko ƙarfe na magani ba, amma Firimila ta tashi. Bara na ji ta tana tambayar uwarta ko ƙusar wa ce a wuyanta.

"Ta kawunki ce," ta ce mata.